Kwat ɗin Ranar Asabar

"Ka tsaya wuri ɗaya mana, kafin in soke ka," na ce masa, da allura a bakina.

"To ai koyo nake yi, Tela. Shekara ashirin da shida ina zaune."

Ranar Laraba ke nan da hantsi, a shagona, ina gwada masa kwat ɗin da nake ɗinka masa. Mataimaki maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma da sunan nan duk layin ke kiransa, har matarsa in ta so tsokana. Mataimakin koci ne na ƙwallon kwando a kwalejin da ke bayan tashar mota. Ni ban san kan wasan ba, amma na san wandunansa. Duk a mazauni suke mutuwa. Na yi musu faci har na gaji da yi masa tsiya.

Shi ya gaya mini dalili. A dokar gasarsu, babban koci kaɗai ke da izinin tsayawa a bakin fili in ana wasa, sauran sai benci. Shi kuwa da ɗan wasa ya fara, gwiwa ta ba shi matsala. Ya koma kwasar ƙwallaye da tawul, daga nan ɗaukar bidiyo, sai kujera ta huɗu, ta uku, ta biyu. Kwaleji uku ya yi, da ƙaura uku. Sau huɗu ana neman babban koci, sau huɗu ana kawo wani daga waje, a ce Mataimaki ya nuna masa kan aiki.

Sai ga shi a makon nan babban kocinsu ya zagi alƙalin wasa, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Ranar Asabar Mataimaki ne zai tsaya.

"Minti arba'in kacal," ya ce. "Ka sake mini hammata, zan riƙa ɗaga hannu."

"Aljihun fa?"

"Ɗinke shi. Kada in manta in zura hannu, a ce ban san aiki ba."

Da zai tafi ya sace mini alli guda, ina kallonsa.

Ranar Alhamis da yamma matarsa ta leƙo ta kan katanga tana dariya. "Tela, zo ka ga abokinka." Na taka bulo na leƙa. Ya ja layi da allina a tsakar gida, yana kai da kawowa a bayansa, yana yi wa kayan shanya tsawa.

"Koma baya! Wa ke riƙe da mai lamba tara?"

"Zanen gado ne dai yake riƙe da shi," in ji matar.

Bai ko waiwayo ba. Ban taɓa lura da cewa yana da tsawo haka ba.

Washegari da safe ina buɗe shago ta shigo, da ludayi a hannunta.

"Tela, zo ka duba mini shi. Ina ta magana ya ƙi amsawa."

Yana zaune a kan bencin ƙofar ɗaki, ya jingina da bango. Ya ɗaure takalmi ɗaya, igiyar ɗayan tana ƙasa. Na taɓa wuyansa, na kira shi sau biyu. Likita ya ce zuciya ce, kuma bai sha wuya ba. Abin da na iya tunawa shi ne facin da na yi masa a wando watan jiya ya fara ɗagowa a gefe.

Kafin yamma an kai shi makwancinsa. Mutane suna ta cewa Allah ya jiƙansa, ina amsawa. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Ban ji komai ba, kamar an yi mini allurar cire haƙori a jiki duka. Sai na koma shago na haɗa hannuwan kwat ɗin, na ɗinke aljihu, na goge.

Ranar Asabar 'yarsa ta fari, mai aiki a kantin magani, ta tsaya a ƙofar shago.

"Kawu, ka gama?"

"Na gama."

"To ɗauko mu je. Ba zan iya zuwa ni kaɗai ba."

Ranar na fara shiga zauren wasan. Katako mai sheƙi, ƙarar takalma, warin gumi. Muka zauna a bayan bencin ƙungiyar Mataimaki, kwat ɗin a ninke a cinyarta. Wanda zai ja ragamar ƙungiyar shi ne mai kujera ta uku, wani mai furfura a gemu da Mataimaki ya horar tun yana ɗalibi.

Aka hura usur. Kocin ɗaya ɓangaren ya miƙe yana ta ɗaga hannu. A namu ɓangaren mai furfurar bai motsa daga kujerarsa ba. Daga zaune yake ba da umarni, ya kewaye baki da tafin hannu. Can alƙalin wasa ya matso kusa da shi.

"Koci, kana iya tashi fa. Yau kai ne."

"Na sani," ya ce.

Sau ɗaya, da aka ture ɗan wasansu, ya zabura har ya ɗaga daga kujera. Ya dubi filin da ke gabansa, ya koma ya zauna. Haka aka yi minti arba'in ɗin nan. Aka ci su da maki shida.

Jama'a suka watse, mu muna zaune. Mai shara ya zo da tsummansa ya bi gefen fili, da ya iso gaban bencinsu sai ya wuce, don babu sawun kowa a wurin. Yarinyar ta warware kwat ɗin tana dubawa.

"Kawu, ka manta ba ka buɗe aljihun ba."

"Haka ya ce a yi."

Ta sake gwada zura yatsunta, suka ƙi shiga. Sai ta bar hannun a kai.