Faifan Abdulrauf a Gonakin Buji

A shekarar da shari'a ta sa makaɗan Dutse suka rataye kalangu a bayan ƙofa, a shekarar ne Abdulrauf ya ga ya dace ya buɗe shagon faifan haɗa kiɗa. Wai ka zura shi a kwamfuta, ganga da sarewa da fiyano su fito ba makaɗi ko ɗaya. Kwafi ne ake yo masa a Kano, ba tambari ba rubutu, gaba da baya sai ƙyalli. Wata huɗu ba wanda ya ko taya, har ya karya farashi ya koma kuɗin ƙosai.

Gero na fara nuna sai ga wani dattijo daga Buji, Malam Mailafiya. Ya ɗaga faifai a rana, ya juya, ya juya, hasken ya kashe masa ido.

"Ba ni ashirin."

"Ashirin, Baba? Ashe abin ya karɓu a wajenku?"

Dattijo ya dube shi sama da ƙasa, ya gano inda yaron ya dosa, ya haɗiye dariyarsa don kada farashi ya tashi. Ya ce, "Sosai ma, ɗana."

Ran kasuwa mutanen Buji suka yi ta zuwa, na Ringim suka biyo. Abdulrauf bai taɓa tambayar kowa me yake yi da shi ba, don ya riga ya yi awonsa: kowane faifai, situdiyo guda. A teburin mai shayi har da buga ƙirji.

"Buji kaɗai ta ba Kano ratar situdiyo ɗari!"

Mai shayi ya ce, "Bujin da ko wuta sai an yi sa'a? Kai, Rauf!"

"Janareta fa? Hassada ce ke cinka."

Bai zame ko'ina ba sai Garki, wajen Dada, mahaifiyarsa. Shanu uku gare ta, da nononsu take ci take sha tun rasuwar mijinta. Ya durƙusa, ya yi ta zuba, wai kafin sallah uku za su koma shida. Ta ce, "Ni ban san faifai ba sai na rufe ƙwarya." Ya dai nace har ta kwance masa su da hannunta, tana kiran kowacce da sunanta.

Ya sayar da shanun, ya sauko da kwali takwas na faifai daga Kano. Suna isowa aka gama yankan gero, ƙafa ta ɗauke ɗif. Mako uku yana kaɗe ƙuda, sannan ya hau acaɓa zuwa Buji, don ya ga situdiyoyinsa da idonsa.

Tun daga bakin gari ya fara hango walƙiya. Igiya daga wannan kara zuwa wancan, faya-fayansa a jere an huda su da ƙusa, iska na kaɗa su a kan gonakin da aka girbe. Malam Mailafiya na gindin rumbu yana ɗaure dami.

"Baba, mene ne wannan?"

"Maganin jan-baki mana. Bana ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba, Allah ya yi maka albarka."

"Kiɗa ne fa a ciki!"

"To, ai ka san an hana."

Abdulrauf ya ce akwai kwali takwas, ko baɗi. Dattijo ya ce a'a, abin ba ya ruɓewa, na bana za su kai jikoki.

Da kuɗin haya ya gagara, Garki ya kwaso kayan, ya jibge su a garken da ba saniya. Dada ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Kullum da sassafe dai sai ta wanke ƙwaryar tatsa tas, ta ajiye a gaban kwalayen, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji:

"Abdulrauf, taso ka tatso mana."