Ragowar Ƙarafan Motar Kallamu

Fa'izu ya dire kwanon a gabana, hannunsa duk baƙin mai, ya ce mota dai ta tashi, amma ga abin da ya rage. Na leƙa. Notina ne da washa, da wani ɗan sifirin, sai wani ƙarfe kamar yatsa mai tsagi a kansa.

Ni Sha'aban ban taɓa zama a aji ba, amma na yi karen mota tun ana lodin gyaɗa zuwa Kano. Na faɗo daga saman kaya na tashi na kakkaɓe rigata, ƙyanda da kwalara duk sun gwada ni sun haƙura. Sa'annina sun tafi kaf, saura ni da Kallamu, mahaifin Fa'izu, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu.

Motar ta Kallamu ce, tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu. Ita kaɗai ke ratsa yashin rafinmu da damina ta kai gero Dawanau. Da giyarta ta fara kuka, sai ya kwance ta da kansa a zaure. Kallamu ba ya rubuta komai. Tabarmi yake shimfiɗawa, abin da ya fara cirewa ya sa a bakin ta farko, na bayansa ya bi shi, a jere har ƙarshen ta ƙarshe. Ranar mayarwa sai ya faro daga ƙarshe ya dawo. Ko kaza ba ta isa ta taka wurin ba.

Yana cikin wannan aikin ya faɗi. Ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, bakinsa ya karkace.

Kafin azahar 'yan dubiya sun cika ƙofar gida, har da dattawa daga Kunci. Ba a barin dattijo a tsaye, ba a kuma zaunar da shi a ƙasa. Falta, matarsa, ta tattare ƙarafan gaba ɗaya ta juye a daro, ta kakkaɓe tabarmin ta shimfiɗa wa baƙi. Wa zai ce ta yi laifi? Ni ma a kan ɗaya na zauna.

Mai maganin da ya duba shi ya ce a kai shi asibiti, kada a jinkirta. Kallamu ba zai iya zama a babur ba. Aka kawo maganar amalanke, ya girgiza kai, ya ce ba za a fitar da shi kamar taki ba alhali motarsa na gida. To, sai ni da Fa'izu muka duƙufa a kan daron nan, ina nunawa yana ɗaurewa, har ta yi tari ta tashi. Duk ƙauyen nan babu wanda zai iya wannan in ba ni ba.

Muka shiga da kwanon wurin Kallamu. Yana kwance, ɗakin na warin man zafi. Ya sa hannun da ya rage masa yana laluba. Notinan ya ture su gefe, ya ce na tsohon bodi ne. Sifirin ɗin ya ce na birkin hannu, a manta da shi. Da ya zo kan ƙarfen mai tsagi sai ya tsaya.

"Wannan shi ke kama ƙafafun gaba," in ji shi, maganar na fita da ƙyar. "In babu shi, yashi zai riƙe ta."

Fa'izu ya tambaya a ina yake shiga. A can ciki, sai an sake sauke giyar, aikin yini guda. Fa'izu ya dubi mahaifinsa, ya dube ni.

"Baba, me ka gani?"

Na ce rafin nan na san shi tun kafin a haife shi a garin nan, na ƙetare shi da motocin da ba su kai wannan ba. A sassauta iskar tayoyi, a taho da gudu, kada a ɗaga ƙafa. Kallamu ya yi wani abu kamar dariya da rabin bakinsa.

"Kai dai, Sha'aban, bakinka ya fi injin ƙarfi."

Bai ce a tsaya ba. Bai kuma saki ƙarfen ba.

Muka shimfiɗa masa katifa a baya, Falta ta riƙe kansa a cinyarta. Muka bi ta cikin gonaki, dawa na shafar motar hagu da dama. Fa'izu ya shiga rafin da gudu yadda na ce. Mun wuce rabi. Sai tayoyin baya suka fara feshin yashi, na gaba kuwa suna tsaye kamar ba da su ake ba. Ta nutse har cikinta ya zauna.

Manoma suka bar fartanya suka zo. Muka tona, muka cusa kara da rassan darbejiya, muka tura, ni a gaba da shekaruna. Har gobe ina cewa da yashin bai sha ruwa ba da mun haye. Muna cikin turawa Falta ta ce a bari haka. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja mayafinta ta rufe masa fuska.

A amalanke aka dawo da shi.

Ni na yi masa wanka, don ni na rage. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ƙarfen ya faɗo. Tsagin ya bar shaida a tafin hannunsa, da baƙin mai da sabulu ya kasa fitarwa. Haka muka naɗe shi.

Bayan kwana biyu shanu suka jawo motar, aka ajiye ta a gindin tsamiya. Na mayar da ƙarfen cikin kwanon, na ɗora a kan kujerar direba, wajen da gilashi ya fashe. Jiya an yi ruwa. Da na leƙa da safe kwanon ya cika, mai yana yawo a saman ruwan, ƙarfen na kwance a ƙasa.