Cikin da Ba Ciki Ba

Surukarta ce ta fara. Wata safiya Maman Biyu ta sunkuya tana ɗaura wa tagwayenta igiyar takalmi, da ta miƙe sai ta dafa ƙugu ta yi nishi. Inna, uwar mijinta, ta bi ta da kallo daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a tsakiya. Ta yi murmushin wanda ya tsinci dami a kala.

"Allah ya raba lafiya," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Daga yau kada in ƙara ganin kin ɗaga bokiti a gidan nan."

Nan ne ya kamata Maman Biyu ta ce, "Inna, ba ciki ba ne, tumbi ne." To amma wace mace ce za ta dubi idon suruka ta yi zancen ciki, balle ta ce teɓa ce? Ta sunkuyar da kai. A wurin Inna kuwa sunkuyar da kai amsa ce.

Maman Biyu ba mai ƙiba ba ce. Hannuwanta sirara ne, fuskarta tana nan yadda take tun tana budurwa. Cikin ne kawai ya ƙi komawa tun haihuwar tagwayen, kuma aikinta na zama ne: ita ce mai buga takardu a ofishin wata makaranta, daga safe har la'asar tana kan kujera. Duk abin da ta ci sai ya taru a gaba.

Da ta gaya wa mijinta, direban babbar mota, dariya ya yi har da tari.

"Ke kika yi shiru, ke za ki warware," in ji shi. "Ni ba zan kashe wa Inna farin cikinta ba." Washegari ya kama hanya, ya bar ta da jangwam.

Inna ta ɗaura ɗamarar kula da mai ciki. Ta karɓe tsintsiya, ta hana ta tafiya aiki a ƙafa. Safe da yamma ga shayi mai kauri, madara da suga har cokali ya kusa tsayawa, ga burodi an shafe da zuma. Labari kuma ya yi ƙafa, domin mai sharar makarantar maƙwabciyarsu ce. Malamar Lissafi, ƙawar Maman Biyu mai baki kamar rediyo, ta kawo matashi daga gida ta sa mata a kujera. Idan Maman Biyu ta shanye gorar ruwa ta sake cikawa, ko ta tashi zuwa bayi a karo na barkatai, sai malamai su yi dariya su ce, "Sannu, ɗan nan zai yi shan ruwa."

Abin da ya fi cin ranta shi ne, ta ji daɗin abin. Tun da ta haihu ake ce mata, "Ke kuwa ba ki ɗaure cikin nan ba?" Yanzu cikin nan dai shi ake yi wa addu'a. Kullum ta ce gobe za ta faɗa, gobe kuma ta zo ta fi jiya nauyi.

Ana haka ma'aikatan lafiya suka zo makarantar duba malamai. Suka kafa sikeli a ɗakin malamai, suka rataya labule a kusurwa saboda mata. Babbarsu, wata nas mai furfura a goshi, ta ɗaga tef irin na tela ta yi bayani.

"Sikeli kaɗai ba ya faɗin gaskiya," ta ce. "Sai ka ga siriri, nauyinsa daidai, amma kitsen duk ya taru a ciki. Wannan kitsen shi ke buɗe wa ciwon suga ƙofa. Ƙugun mutum bai kamata ya wuce rabin tsayinsa ba. Wanda iyayensa ke da ciwon ya ƙara kula, haka ma macen da suganta ya taɓa hawa lokacin da take da ciki."

Da cikin tagwayen an ce wa Maman Biyu suganta ya hau, likita ya ce ta riƙa dawowa gwaji bayan haihuwa. Ga goyo biyu, ga aiki, ba ta taɓa komawa ba.

Layi ya yi ta tafiya cikin raha. Shugaban makaranta ya haɗiye cikinsa har idonsa ya firfito, nas ta ce, "Ranka ya daɗe, saki numfashi, ba hoto za mu ɗauka ba." Ɗaki ya ɗauki dariya. Da aka zo kan Maman Biyu, tun kafin ta buɗe baki Malamar Lissafi ta ce, "Wannan ku ƙyale ta, ba ita kaɗai ba ce."

Nas ta naɗe tef. "Masu juna biyu ba ma auna musu ƙugu. Kin fara zuwa awo?"

"Zan fara," in ji Maman Biyu, muryarta kamar ta sauro.

Ta koma ofis ta zauna a kan matashin. Ta buga layi ɗaya ta goge, ta sake bugawa ta goge. Maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Ta kai hannu ga gorar ruwa, sai ta tsaya tana kallonta. Can ta ji ana jan kujeru, alamar baƙin sun fara haɗa kaya. Ta miƙe.

Nas ɗin ce kaɗai a ɗakin, tana kwance igiyar labule.

"Baiwar Allah," Maman Biyu ta ce, idonta a ƙasa. "Ni ba ni da ciki."

Nas ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tambayi dalili ba. Ta mayar da labulen, ta ce ta jingina da bango. Ta auna tsayinta, ta riƙe rabinsa da ɗan yatsa, ta zagayo da tef ɗin ta saman cibiya. Bakin tef ɗin da yatsan suka ƙi haɗuwa. Tsakaninsu ya kusa faɗin tafin hannu.

Maman Biyu ta gaya mata maganar cikin tagwayen, da ƙishirwar, da yawan fitsarin. Nas ta tsira mata ɗan yatsa, ta ɗiga jinin a na'ura, ta dubi lambar ta ɗan jima.

"Ya hau," ta ce. "Wannan ba shi ne hukunci ba. Gobe ki je asibiti kafin ki sa komai a baki, a yi miki gwaji sosai. Amma ki je, kin ji?"

Maman Biyu tana gyara zani aka ɗaga labule. Malamar Lissafi ce ta dawo neman jakarta. Ta ga tef, ta ga auduga a yatsa, ta dubi fuskar ƙawarta. Ranar ce aka ga bakin rediyo ya mutu. Ta ɗauki jakar ta fita da sanɗa, kamar ita aka kama.

A gida Maman Biyu ta tarar da Inna a baranda da gilashi a hanci, tana saƙa wata 'yar hula da ba ta fi dunƙulen hannu ba. Shayi na gefe an rufe da faranti. Maman Biyu ta durƙusa, ta faɗi komai a dunƙule, ba ta ɗago ba.

Inna ta ajiye saƙar a cinya. Ana jin muryar tagwayen suna faɗa a kan ƙwallo a bayan gida.

"Duk layin nan babu gidan da ban shiga na faɗa ba," ta ce. "Me ya hana ki gaya mini, 'yar nan?"

"Kunya, Inna."

"Kunya." Inna ta cire gilashin ta murza ido. "Ke kina jin kunyata, ni kuma ina ta ɗura miki suga da hannuna." Ta ɗauki kofin shayin ta tuttular a magudana.

Da safe Inna ta riga ta shiri. Suka fita a ƙafa, Inna a gaba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga: "A'a, awo za a je?"

"Idona ne ya tsufa, ya ga abin da babu," in ji Inna ba tare da ta tsaya ba. "Asibiti za mu."

Gwaji ya tabbatar ciwon suga ne, amma likita ya ce an zo da sauran dama. Ya rubuta magani, ya yi mata bayanin abinci da tafiyar ƙafa.

Ranar da ta koma aiki ɗakin malamai ya yi tsit. Kowa ya gaishe ta a hankali, ana kauce wa idonta. Ba ta gane ba sai da mai shara ta shigo ofis, ta jingine tsintsiya, ta kama hannunta biyu.

"Sai haƙuri," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Wanda ya bayar shi ya karɓa. Allah ya kawo mai zama."

Ashe Malamar Lissafi, don ta rufa mata asiri, cewa ta yi cikin ya zube. Ga hanya a share: ta ce amin kawai, magana ta mutu. Maman Biyu ta dubi hawayen da matar take zubarwa saboda ɗan da ba a taɓa yi ba.

"Yaya, share idonki," ta ce. "Ban yi ɓari ba. Da ma babu cikin. Tumbi ne, kuma suga ke damuna."

Mai shara ta saki baki, ta saki hannun. Maman Biyu ta miƙe ta nufi ɗakin malamai don ta sake faɗa sau ɗaya kowa ya ji.