Tayar Babban Yaya

Ranar Talata ce, gari ya waye da yayyafi mai naci, irin wanda ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya bi shi a hankali har cikin singileti. Auta na tsugune a gefen titi, gwiwarsa cikin taɓo, yana kokawa da notin taya. Bayan motar cike yake da kiret-kiret na ƙwai har kusa da rufi, waya kuma sai ruri take yi a aljihunsa. Bai ɗauka ba, don ya san mai kiran.

Aikinsa ke nan kullum da safe: ya ɗauko ƙwai daga gonar Mai Kaji, ya rarraba wa kantuna da gidajen burodi kafin rana ta ɗaga. Da wannan aikin yake ci da matarsa da jaririyarsu. Da ya koma gonar a ranar, jiƙe sharkaf, Mai Kaji tana tsaye a bakin sito da lema a hannu. Mace ce mai haƙuri, amma haƙurin ya zo wuya.

"Auta, gidan burodi sun kira ni sau nawa ka sani? Sun kwaɓa fulawa suna jiran ƙwai."

"Wallahi taya ce, Anti."

"Wancan makon ma taya ce. Ni ba ni da matsala da kai, ba ka taɓa cin mini ko ɓawo ba. Amma akwai mai ƙaramar bas da yake ta yi mini sintiri yana neman hanyar nan. Ka canza tayoyin nan a makon nan. In aka sake, kada ka ga laifina."

Daga nan wurin mai faci ya wuce. Mai faci ya tsoma tayar a bahon ruwa, ya juya ta, kumfa na tashi ta ko'ina, sai ya kwashe da dariya.

"Maigida, ina kake so in liƙa? Faci a kan faci? Wannan ai ta fi wandon makanike ɗinki. Sauran ukun ma dubi, sun suɗe kamar kan jariri."

Da a ce motar Auta ce shi kaɗai, da magana ta ƙare a nan. To, motar gado ce. Da mahaifinsu ya rasu ya bar ta, su huɗu suka yi ta rigima a kan wa zai sayi mai, wa zai yi gyara, har Mama ta gaji ta yanke hukunci. Auta zai riƙe mota ya nemi abinci da ita, mai da makanike a wuyansa, duk wanda ya buƙace ta kuma a ba shi. Tayoyi kuwa, tunda huɗu ne su ma huɗu ne, kowa ya ɗauki ɗaya, don kada wani ya ce an cire hannunsa daga abin ubansa. Babban Yaya ya ɗauki ta gaba ɓangaren direba. Tela, mai bi masa, ya ɗauki ɗaya ta gaban. Yayarsu mace, wadda suke kira Yaya Ƙarama, ta samu ta baya, Auta ma ta baya. Mama ta ce safaya, wato tayar ajiya, tata ce. A lokacin har tafi aka yi mata.

Auta bai yi wasa ba. Ya zaga shagunan taya har ƙafarsa ta yi ciwo. Ya ga masu tsadar da ko a mafarki ba zai taɓa ba, ya ga masu arahar da robarsu ke wari kamar silifas. A tsakiya ya samu wata iri mai sauƙin kuɗi, sabuwa, zanenta mai zurfi, lambar girmanta daidai da wadda aka rubuta a jikin ƙofar motar. Ya duba shekarar da aka yi ta a gefenta, ta bana ce. Ya tambayi direbobin tasi biyu da ke amfani da ita, suka ce tana riƙe titi in ana ruwa. Mai shago ya ce in huɗu zai ɗauka zai yi masa ragi, ya ɗaura kyauta.

Da yamma ya tara 'yan'uwansa a ɗakin Mama. Mama na kan gado tana gyara wake a faranti, Babban Yaya ya mamaye kujera mai hannu, Tela ya zo da tef ɗin awo rataye a wuya, Yaya Ƙarama tana ta latsa waya. Auta ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce kowa ya kawo kasonsa a sayi huɗu iri ɗaya.

Babban Yaya ya gyara zama. "Wato kai za ka zaɓa mini taya."

"Yaya, ba zaɓa maka zan yi ba, mota ce ke son..."

"Ina tuƙi kana goye. Akwai abokina mai kawo na hannu daga waje. Tayar waje ko ta tsufa ta fi sabuwar nan taku ta kwali. Zan kawo tawa."

"Ni ma ka bar ni da tawa," in ji Tela. "Akwai wanda nake wa ɗinki, yana da wata a ajiye."

"Girmanta fa?"

"Taya ai taya ce, Auta. Ba zagaye take ba?"

Yaya Ƙarama ta ɗago kai. "Ni tawa ta kawo ƙara ne? Wacce ta fashe yau?"

"Ta Yaya Tela."

"To ka gani. Tawa baiwar Allah tana bayanta tana bin ku, ba ruwanta da kowa. Ku bar mini ita sai bayan na biya kuɗin makarantar yara."

Auta ya dubi Mama. Mama ta hure ƙaiƙayin wake ta ce, "Ka bi yayyenka a hankali, ɗan nan. Ai duk taimakonka suke yi."

Ya fito yana jin kansa kamar zai tsage. A ƙofar gida ya tsaya ya harbi tayar Yaya Ƙarama da ƙafa, ya ji zafi a yatsa, ya ƙara jin haushi.

Washegari ya sayi tasa guda ɗaya, ba ragi, ba ɗauri kyauta. Tela ya aiko da tasa a kan babur: sabuwa fil, amma ta fi sauran faɗi da tsayi, da gani ta babbar mota ce. Babban Yaya kuwa da kansa ya kawo tasa wurin mai faci, an shafe ta da baƙin mai tana ƙyalli. Ya buga ta da tafin hannu.

"Ji nan. Ƙarfe!"

Bayan ya tafi, Auta ya goge man da tsumma. Gefen tayar duk ƙananan tsaga ne kamar dugadugan tsoho, shekarar da ke jiki kuwa tun yana makarantar firamare. Da aka ba ta iska sai wani ƙulu ya taso a gefe, kamar ƙwai a ƙarƙashin fata.

Mai faci ya ja da baya. "Ni dai in ta tashi, ba a shagona ba. Ka ga ta telan nan ma, in ka karya sitiyari sai ta goga jikin mota."

"To ya zan yi?"

"Kai da 'yan'uwanka. Ni iska nake sayarwa."

Da ya hau titi, motar ta zama wata dabba. Sitiyari na karkarwa a hannunsa, motar na janyewa gefe kamar akuyar da ta hango ganye, in ya taka birki sai ta yi kamar za ta juya ta dube shi. Ya kira Babban Yaya ya roƙe shi ko a mayar da tayarsa baya, ta Auta ta dawo gaba.

"Tayata ta koma baya? Ta auta ta shiga gabana? Kai, ka san da wa kake magana kuwa?"

Babban Yaya ya kashe wayar.

Sai Auta ya yi dabara. Ya cire tayar Babban Yaya ya jefa a but, ya rufe ta da kwalayen ƙwai, ya ɗaura safayar Mama a gurbinta. Safayar ba sabuwa ba ce, amma lafiyayya ce, ba ta sha titi ba. Motar ba ta daina janyewa ba saboda ƙatuwar tayar Tela, sai dai karkarwar ta ragu, kuma ya daina tuƙi da zuciya a baki. Safiya biyu ya kai ƙwai a kan lokaci. Mai Kaji har ta leƙa ƙafafun motar ta ce, "Wannan kuma wane irin haɗin gambiza ne?" Amma ta yi murmushi.

Ranar Asabar Babban Yaya ya zo ɗaukar mota zai kai matarsa gidansu. Auta ya so ya riga shi mayar da tayar, sai ga shi ya iso tun kafin a gama karyawa, da jakunkuna. Ya buɗe but zai sa kaya. Ya ɗaga kwali ɗaya, ya ɗaga na biyu.

Bai yi ihu ba. Ya rufe but a hankali, ya wuce ɗakin Mama. Da aka kira Auta, ya tarar da shi zaune ya haɗa kai da gwiwa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Mama, ki tambaye shi. Na cire kuɗi daga bakin 'ya'yana na sayi taya, ya ɗauke ta ya binne a ƙarƙashin shara. A gaban matata na gani. Gobe kuma sunana zai cire daga takardar mota."

"Yaya, ƙulu ne da ita! Zo ka gani da idonka, wallahi ko yaro..."

"Ka ji ko? Ni ne yaron."

"Ba haka na ce ba!"

"In an gaji da ni a cikin motar nan, a sayar kowa ya kama rabonsa."

Auta ya san in aka sayar, kasonsa ko babur mai kirki ba zai saya ba. Mama ta sauko daga gado da ƙyar, ta kama hannunsa ta ja shi tsakar gida, ta rage murya.

"Auta, ka mayar masa da abarsa."

"Mama, fashewa za ta yi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ka lallaɓa ta zuwa ƙarshen wata, ni zan san yadda zan shawo kansa. Ka san halinsa, in ya hau ba ya saukowa. Saboda ni, ka ji? Kada ku watse ina raye a kan roba."

Idonta ya kawo ruwa. Auta ya je ya ɗauko jak ɗin ɗaga mota. Babban Yaya ya tsaya a kansa, hannu a baya, har ya ɗaure noti na ƙarshe, sannan ya ce, "Ka ƙara matse wancan." Ya kai matarsa ya dawo lafiya lau, ya miƙa makulli yana cewa, "Ga ta nan. Ina fashewar?"

Daren Lahadi Auta ya yi tunanin sake musanyawa, ya riƙa mayarwa duk lokacin da Yaya zai zo. Amma gidan Yaya na kan hanyar gona, kullum da safe yana zaune a ƙofa da rediyonsa, kuma yanzu ba fuskar Auta yake kallo ba in ya wuce, ƙafar mota yake kallo.

Litinin aka tashi da rana mai zafi tun da hantsi. Mai Kaji ta yi masa lodi fiye da kullum, don wani otal ya yi oda. Auta ya tafi a hankali, har masu keke na wuce shi, masu mota na danna masa oda suna zagi. Ya sauke wa kanti na farko. Ya kama gangaren da ke bayan kasuwa, inda titi ya yi kwana kusa da babbar kwata, ya ɗan taɓa birki.

Ƙarar kamar an harba bindiga. Gaban motar ya faɗi ɓangarensa, ya murɗa sitiyari da duk ƙarfinsa, ƙatuwar tayar Tela ta cije jikin mota ta ƙi juyawa. Motar ta tafi a karkace, a hankali ma, har yana ganin mai lemo na kwashe tirensa yana gudu, sannan ta kifa hanci cikin kwata. Daga bayansa ya ji kiret-kiret na zubowa, wani bisa wani, wani abu mai sanyi da yauƙi ya gangaro masa ta wuya.

Ko ƙwarzane bai yi ba. Mutane suka fito da shi suna sannu, wani na ba shi ruwa, wata tsohuwa na tsince ƙwan da suka tsira tana jera masa a gefen titi. Ya zauna a kan dutse, gwaiduwa na ɗiga daga hularsa, ya kira Mai Kaji. Ta saurare shi har ya gama.

"Kai lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau, Anti."

"To alhamdulillahi. Ka zauna nan, zan turo mai bas ya kwashe abin da ya rage." Sai ta ƙara da cewa, "Auta, na gaya maka."

"Kin gaya mini."

Babban Yaya ya iso a bayan babur. Ya zagaya motar, ya tsuguna ya daɗe yana duban tayarsa da ta dare gida biyu, wayoyin cikinta sun yi cirko-cirko. Ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Lodi ka yi mata da yawa," ya ce.

Auta na kallon mai bas yana ɗaukar sauran ƙwan yana sakawa a motarsa, yana tambayar mutane hanyar otal.

Abin da aka rasa a ranar: kiret ashirin da shida na ƙwai, fitilar gaba ɗaya, bamba, lagireto, tayar Babban Yaya da wilinta, tayar Tela da ƙarfe ya yanka, tiren mai lemo, da aikin Auta a gonar Mai Kaji.