Inda Ƙafa ke Kaucewa

Gwamnati ta ce za ta yi hanyar ƙafa a bakin kogi, daga tsohuwar gada zuwa bayan asibiti, don masu tafiya da masu keke su riƙa shan iska. Mutanen unguwa suka yi ta dariya. Tun da aka haife su suke bin wurin da ƙafa, ba wanda ya taɓa gaya musu iska suke sha. Amma kafin a kawo katafila sai an turo wanda zai duba abin da aikin zai taɓa: bishiyoyi, ruwa, tsuntsaye, da mutanen da ke zaune a gefe. Aka turo wata mata mai takalmin maza da hular rana. Unguwa ta sa mata suna Mai Duba.

Tana da yadda take aikinta. Ba ta tara mutane a ɗaki ta yi musu tambaya, don ta ce a ɗaki kowa abin da yake zaton ana so a ji yake faɗa. Sai ta kwashi mutanen wuri su bi layin hanyar tare, suna gaba tana baya, tana kallon inda suke sa ƙafa. Kuma ta fi son tsofaffi.

Wannan ne ya hana Tela cin abinci, don duk unguwar ba wanda ya kai mahaifiyarsa tsufa.

Tela yana da wa, ana ce masa Dogo. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya tafi da Dogo. Da aka same shi gada ta karye, maƙabarta na ƙarƙashin ruwa, gawar kuma ba ta jiran kowa. Aka rufe shi a nan kan tudu, kusa da inda aka tsamo shi. Inna mahaifiyarsu kuwa tana kwance a asibiti da ciwon zuciya, likita ya ce ko ƙarar ƙofa kada ta ji. Sai aka ce mata Dogo ya samu aiki a nesa, tafiyar ta zo da gaggawa. An yi niyyar gaya mata in ta warke. Ta warke, aka ce bari ta ƙara ƙarfi. Ta ƙara ƙarfi, aka rasa wanda zai fara. Ba a sa dutse a wurin ba, don kada ta gani ta tambaya. Unguwa duka ta shiga cikin maganar. Mai aski ya taɓa rantse mata cewa wani direba ya ga Dogo ya yi ƙiba har da tumbi. Yaran da aka haifa bayan ambaliyar ma sun san abu biyu: ba a taka wurin, ba a kuma faɗa a gaban Inna.

Ran da za a bi layin, Tela ya ce, "Inna, ki zauna a gida. Rana ce, ga ƙafarki."

"Ƙafata ta kawo maka ƙara?" in ji ta. "Gwamnati ta aiko tana neman shawarata, kai da ba ka taɓa nema ba za ka hana? Miƙo min sandata."

Aka tafi da hantsi: Inna, Tela da matarsa, mai aski, mai shago, da wasu 'yan rakiya da ba a gayyata ba. Injiniyan aikin ya riga ya kafa turaku masu jan ƙyalle, sun miƙe sak kamar an ja zare. Mai aski ya cika wa Mai Duba kunne. Ya nuna mata bishiyar da jemagu ke kwana, ya ce a sare ta. Ya nuna inda mata ke wanki, ya ce a bar musu. Ya ce in za a sa fitilu a fara da ƙofar shagonsa.

"Shagonka a bakin kogi yake?" in ji mai shago.

"Kai ka yi shiru, da kai ake?"

Da aka hau tudun sai surutun ya mutu, ba wanda ya ce a yi shiru. Sawun da ƙafafu suka fitar a ƙasa ya taho a miƙe, sai ya lanƙwasa hagu, ya zagaye wani ɗan fili mai ciyawa, ya dawo ya ci gaba. Babu dutse a filin, babu rami, babu ƙaya. Mai aski ya bi lanƙwasar, mai shago ya bi, matar Tela ta bi kanta a sunkuye. Turken injiniya kuwa yana kafe a tsakiyar ciyawar, ƙyallensa ko motsi ba ya yi.

Inna ta yi shekaru ba ta zo nan ba, duk sanda ta nufo kogi sai a samo dalilin juya ta. Ita kaɗai ta miƙe. Ta shiga ciyawar tana dogara sanda, ta tsaya a tsakiya ta dafa turken tana mai da numfashi.

"Kai, wurin nan da daɗi," in ji ta. "Ƙasar ma da laushi. 'Yata, rubuta a sa benci a nan. Daga nan ana hango gada. Ina da ɗa a nesa, in zai dawo ta can zai ɓullo."

Ba wanda ya kalli wani. Matar Tela ta toshe baki da mayafi ta juya wajen kogi.

"Inna, fito," in ji Tela. "Fito, akwai cinnaku."

"Ina cinnakun?"

Ya tsaya a bakin ciyawar ya miƙa hannu iyakar tsawonsa, bai taka ba, ya jawo ta da sandar. Mai Duba na baya tana kallo. Ta tambaya me ya sa hanyar ta karkace a nan. Mai aski, wanda bai taɓa rasa amsa ba, ya ce shi ma haka ya tarar.

Da la'asar ta zo shagon Tela ita kaɗai. Ta ɗauke ƙyallaye daga kan kujera ta zauna, ta jira har ya daina taka keken ɗinki.

"Wa ke kwance a can?" in ji ta.

Ya ajiye ɗinkin, ya gaya mata duka. Da ya gama ya ce, "Malama, ki taimaka. Ki sa a karkatar da hanyar, amma kada ki rubuta dalili."

"In ban rubuta dalili ba, injiniya zai miƙe abinsa. Shi lanƙwasa ɓata masa rai take yi."

"To ki ce ramin maciji ne."

"Su cike shi da siminti."

"Ki ce wani tsuntsu ne na musamman ke ƙwai a wurin. Na ji kuna ji da tsuntsaye."

Ta ɗan yi murmushi. "Sai su turo mai ilimin tsuntsu ya zauna da madubin hangen nesa yana jira. In bai gani ba, maganata ta zube, har da ta jemagu da ta masu wanki. Ba zan rubuta ƙarya ba, Tela. In na rubuta kabari ne, ba mai taɓa shi, za a zagaye shi da ƙarfe. Amma duk abin da na rubuta ana karanta shi a taron unguwa da lasifika, don kada a ce an ɓoye wa jama'a wani abu. Kuma Inna ta ce min a sahun gaba za ta zauna."

"In na ce kada ki rubuta komai fa?"

"Sai in bar shi. Naku ne, ba nawa ba. Katafila ta bi ta kai, a zuba siminti, masu keke su yi ta wucewa."

Ta tafi. Tela ya zauna da rigar wani a cinyarsa. Abin da ya riƙa dawo masa shi ne nauyin Dogo ran da suka ɗauko shi daga ruwa, da yadda ramin ya yi musu gajere sai da aka ƙara haƙa. Ya rufe shago tun rana ba ta faɗi ba, abin da bai saba ba. Mai aski ya gan shi ya wuce, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa.

Ya tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma, ta miƙe ƙafafu tana shafa musu mai. Matarsa na ganin fuskarsa ta kwashe yara ta shige ɗaki. Ya durƙusa a gaban tsohuwar, irin durƙuson da rabonsa da yi tun yana yaro.

"Wa ya mutu?" in ji ta.

"Inna, Yaya Dogo bai yi tafiya ba."

Ya faɗa mata ambaliyar, da gadar, da asibitin, da likitan. Ya yi ta jero dalilai, suna fita daga bakinsa yana jin ba su da nauyi. Ba ta katse shi ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kama ƙirji ba kamar yadda ya yi shekara da shekaru yana gani a ransa. Hannunta dai ya tsaya a kan ƙafarta, da man a tafinsa.

"Tudun nan?" in ji ta. "Inda na ce a sa benci?"

"Nan ne."

"Duk kun sani. Har mai askin nan da labarinsa na tumbi."

"Duk mun sani."

Ta dubi tafin ƙafarta.

"A ina na tsaya? Wajen kansa ko wajen ƙafafunsa?"

Tela ya rufe ido ya auna wurin da turken yake, da inda gabas take. Ya san amsar. Ya ga kuma in ya sassauta ta, sabuwar ƙarya ya fara tun tsohuwar ba ta huce ba.

"Wajen ƙirjinsa, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta goge hannu a zanenta, ta lalubo sandar.

"Tashi ka kai ni. Ka aika a kira yarinyar nan ta zo da abin rubutunta. Ka gaya mata na fasa bencin."