Rabin Awa Zuwa Babban Coci

A unguwar Roumdé Adjia ta Garwa, in ka ce Dawuda sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Dawuda Palmas, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka shagonsa. Rediyo yake sayarwa da batir da agogon hannu. Kakansa Bakano ne, fatauci ya kawo shi bakin Binuwai ya zauna. Laƙabin kuwa ya samo asali ne daga wata tafiya da ya yi shekara guda kafin ƙasar ta samu 'yanci, lokacin yana aikin kuku a gidan wani Bafaranshe mai sayen fatu. Maigidan ya tafi da shi Faransa na wata huɗu, jirgin ruwansu kuma ya tsaya yini guda a Las Palmas, wani garin shaƙatawa da ke tsibirin mutanen Sifen.

Tun da ya dawo yake ba da labarin garin nan a kan bencin ƙofar shago. Yakan faɗi yadda Turawa ke kwanciya a rairayin bakin teku rana na gasa su da gangan, da shagunan Indiyawa masu cike da agogo, da motar haya da suke kira wawa, wadda sunanta kaɗai ya isa ya sa mutane dariya.

Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne ƙafarsa ba ta taka garin ba. Ran da jirgin ya tsaya, uwargidan Bafaranshen ta miƙa masa igiyar karenta, ta ce ya zauna da shi har su dawo. Awa tara ya yi a saman jirgi yana riƙe da kare yana hangen fararen gidaje. Wani ma'aikacin jirgin, mutumin Dakar, shi ya tsaya kusa da shi yana nuna masa wurare da yatsa yana ba shi labari. Da Dawuda ya dawo gida aka tambaye shi me ya gani, sai ya ji ba zai iya cewa kare ya yi gadi ba. Ya faɗi abin da aka gaya masa kamar da idonsa ya gani, kowace shekara kuma labarin na ƙara tsawo.

A daminar 1966 aka zaɓi abokinsa Alphonse ya je kwas na wata tara a Faransa. Alphonse malamin dabbobi ne, Kirista, ɗan manoman kan dutse daga wajen Mayo-Oulo. A kasuwa ya koyi Hausa, a kasuwa kuma suka saba da Dawuda, har ya zama yana kiransa Yaya. Shi ne na farko a danginsu da ya yi karatu. Matarsa Geneviève tana ɗauke da cikinsu na fari.

Sati guda kafin ya tashi, ya zo shago da hantsi da littafinsa da biro. Ya ce an gaya masa jirginsu zai yada zango a Las Palmas daga safe zuwa yamma, yana so Yaya ya faɗa masa duk abin da baƙo ya kamata ya sani. Mutum huɗu na zaune a benci, duk suka juyo.

Dawuda ya gyara zama ya fara. Ya ce ya canza kuɗinsa zuwa feseta, kuɗin garin, tun a cikin jirgi, kada ya yarda da masu canji na bakin tasha. Fasfo kada ya rabu da aljihunsa na ciki. Ruwan famfon garin da gishiri-gishiri, ya nemi na kwalba. Shaguna suna rufewa da azahar, ba sa buɗewa sai la'asar, saboda mutanen garin barci suke yi, don haka ya yi sayayyarsa da safe. In Ba'indiye ya faɗi kuɗin agogo, ya taya rabi, ya yi kamar zai tafi. Ya koya masa kalma uku na harshensu: na gode, nawa ne, da sunan tashar jirgi. Duk wannan daga bakin mutumin Dakar ya ji shi, kuma gaskiya ne. Alphonse yana rubutawa layi-layi.

Sai Alphonse ya ɗago kai ya ce akwai wani babban coci a tsohon gari da limamin cocinsu ya ba shi labari. Ya yi wa Geneviève alkawari zai kunna kyandir a can don ta sauka lafiya. Yana so ya san nisansa daga tasha.

Dawuda bai san ma akwai cocin ba. Ya dubi mutanen benci, suna jiran amsarsa.

"Kusa ne," ya ce. "Kamar daga nan zuwa bakin kogi. Rabin awa a ƙafa ka isa."

"In mutum ya ɗan makara fa, Yaya?"

"Jirgi ba ya barin fasinjansa. Sai ya busa ƙaho sau uku, duk garin ana ji, sannan ya ƙara jira."

Alphonse ya rubuta wannan ma, ya ja layi a ƙarƙashi, ya yi godiya. Da ya tafi, Dawuda ya ce wa kansa ai garin da ya hango bai yi girman da mutum zai ɓace a cikinsa ba. Ran da aka raka Alphonse tashar mota ya so ya ja shi gefe, sai ya ga 'yan cocinsu da danginsa na dutse sun kewaye shi suna addu'a, ya fasa.

Wata biyu da rabi shiru. Geneviève ta haifi mace, aka sa mata Suzanne. Sai ranar wata Laraba ta zo shago da jaririyar a goye da wasiƙa a hannu. Ta gaishe shi, ta ƙi zama, ta karanta masa da Faransanci tana juyawa zuwa Hausa.

A cewar wasiƙar, Alphonse ya yi sayayyarsa da safe kamar yadda aka ce masa, sannan ya hau wawa zuwa tsohon gari. Motar ta daɗe tana tafiya, amma ya ɗauka zagaye take yi don ɗibar mutane. Ya tarar da cocin a rufe, aka ce sai ƙarfe huɗu. Jirgi ƙarfe biyar zai tashi. Ya lissafa: minti goma a ciki, rabin awa a hanya, akwai saura. Ya kunna kyandir ɗinsa ya fito ya kama hanya a ƙafa. Ya yi ta tafiya, tasha ba ta ƙaraso ba, bai kuma ji ƙaho ba. Da ya isa, jirgin ya riga ya fita teku da akwatinsa da rigar sanyinsa da takardun makaranta. Kwana goma sha ɗaya ya yi a ɗakin baƙi na wasu limaman coci kafin wakilin kamfanin jirgin ya sa shi a wani. Ya sauka Faransa cikin tsananin sanyi da 'yar riga guda, ciwon ƙirji ya kama shi, daga gadon asibiti yake rubuta wasiƙar.

A ƙarshenta akwai saƙo zuwa ga Dawuda. Geneviève ta karanta shi a hankali: "Ki gaya wa Yaya duk abin da ya faɗa na same shi haka. Fasfon da ya ce kada in rabu da shi, shi ya cece ni. Ni ne dai na ɓata hanya, kin san mutumin dutse da birni."

Dawuda ya ce Allah ya ba shi lafiya. Da ta tafi ya rufe shago tun kafin azahar.

Daga ranar ya daina ba da labarin tsibiri. In aka taso da maganar sai ya ce yana da aiki. Amma bencin bai yi shiru ba, ya samu sabon abin dariya: malamin dabbobin da ya je kallon coci jirgi ya bar shi. Har wani ya ce ai da Dawuda ne da ba haka ba. Dawuda yana ciki yana jera batir yana ji. Ya riƙa aika matarsa Saudatu gidan Geneviève da gero da man gyaɗa da sabulu, yau da gobe, har Saudatu ta tambaye shi ko lafiya, don abin ya wuce na zumunci. Wata safiya bayan ya karya kumallo ya gaya mata komai, har da karen. Shekara shida ke nan ita ma tana jin labarin nan tana alfahari da shi wajen mata. Daga baya ta ce za ta ci gaba da kai geron, amma ya sani gero ba zai yi masa magana ba, shi zai je ya yi da bakinsa.

Alphonse ya dawo a watan Maris, ya rame, yana tari. Makarantar ta ce ya rasa darussa da yawa, ta sallame shi. Ofishinsu bai kore shi ba, amma aka tura shi Bibémi, muƙamin da aka yi masa tanadi kuma aka ba wani. Sau biyu Dawuda yana zuwa yi masa sannu kafin su ƙaura, duk biyun gidan cike da mutane, ya yi gaisuwa ya fito.

Sai da aka shiga Mayu ya hau motar kaya ranar kasuwar Bibémi. Ya sami Alphonse a kara, wajen sayar da dabbobi, yana yi wa shanun Fulani allura. Ya jira har ya gama ya wanke hannu, suka zauna a gindin wata tsamiya.

"Alphonse, ba kai ka ɓata hanya ba," Dawuda ya ce. "Ban taɓa shiga garin nan ba. Ban san inda cocin yake ba. Rabin awar da ƙahon, a kan benci na ƙirƙire su."

Ya ba shi labarin duka. Alphonse bai katse shi ba. Ya ɗauki wani tsinke yana karyawa gutsure-gutsure.

"Me ya hana ka ce ba ka sani ba?"

"Mutane na zaune. Na ji kunya."

"Kunya," Alphonse ya maimaita. Ya yi tari ya tofar a gefe. "Mako biyar ina kwance a asibiti ina zagin kaina. Ina cewa ga abin da aka samu da aka aiki ɗan dutse. Babana ya sayar da akuyarsa ya yi mini walima, na kasa kallon idonsa da na dawo. Duk wannan kana nan kana aiko da gero."

Dawuda ya ce ba shi da abin cewa, gafara kawai ya zo nema, in kuma akwai abin da zai yi, a faɗa masa. Alphonse ya ce abu biyu yake so. Ya je gidansa yanzu ya faɗa wa Geneviève da bakinsa, don har yau tana ganin alkawarin kyandir ɗinta ne ya jawo komai. Sannan ya faɗa a kan bencin, gaban waɗanda ke dariya. Batun gafara kuwa, ya ce a bar shi tukuna, ba zai yi ƙarya ya ce ya yafe ba.

Geneviève tana tankaɗe a tsakar gida lokacin da ya faɗa mata. Ta ajiye rariya ta shiga ɗaki, ya ji kukanta daga ciki. Ba ta sake fitowa ba, shi kuma ya koma tashar mota.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, benci ya cika, Dawuda ya fito ya tsaya ya faɗi abin da ya faru. Da farko sun zaci wasa ne. Da suka gane, wasu suka kwashe da dariya, wani dattijo mai sayar da goro kuma ya tashi ya tafi ba sallama. Kafin mako ya zagayo duk kasuwa ta ji. An daɗe ana yi masa ba'a, wasu abokan ciniki suka koma wani shago, amma ba a ƙara ambaton Alphonse da dariya ba.

Ba a sake zaɓar Alphonse zuwa kwas ba. Ya yi shekara goma sha ɗaya a Bibémi, Fulanin yankin suna ji da shi, tarin kuma yakan taso masa duk damina. Saudatu da Geneviève suka ci gaba da aika wa juna saƙo ta hannun direbobi, amma mazan sun fi shekara biyu ba su haɗu ba. In Alphonse ya shigo Garwa karɓar magungunan allura, ta wata hanya yake bi.

Wata ranar Litinin da hantsi Dawuda na gyara wani rediyo, ya ɗaga kai ya gan shi tsaye a ƙofar shago. Alphonse ya yi sallama, ya ce batir huɗu yake so, manya. Dawuda ya naɗe masa a takarda. Ya tambaye shi ƙirjin, ya ce da sauƙi. Ya tambayi Suzanne, ya ce ta fara surutu, Fillanci ma ta fi ji. Dawuda ya ce ko zai zauna a kawo ruwa. Alphonse ya dubi agogonsa, ya ce motar Bibémi sai sha biyu, ya zauna.