Hatimin Kotu a Takardun Auta

Shekara ashirin da shida Magatakarda ya yi a bayan tagar karɓar takardu ta kotu, har lauyoyi suka laƙaba masa Koma-ka-gyara. Ƙa'idarsa ba ta da yawa: kwafi uku, lamba a kowane shafi, sa hannu a na ƙarshe, kuma a zo kafin ƙarfe huɗu. Wanda ya cika sai ya ji ƙarar hatimi. Wanda bai cika ba, ko rigarsa na jan ƙasa, komawa zai yi.

Sai ga 'yarsa Auta ta ce lauya za ta zama. Makarantar koyon lauya ta nemi sakamako mai kyau, da wasiƙun malamai biyu, da bayanin dalilin son karatun, a miƙa kafin ƙarfe huɗun Alhamis. Ƙarfe huɗun nan ya burge shi. Ya ce makarantar ta san abin da take yi.

Ran Alhamis da safe Auta ta ajiye takardunta a teburinsa ya duba mata, ta tafi. Da ƙa'idar uban aka yaye ta, saboda haka kwafi uku ta yi, da lamba da sa hannu. Ranar kuwa layi har bakin ƙofa. Hannunsa ya kai kan takardun, ya ƙirga uku, ya leƙa shafin ƙarshe. Kwam! Ya ba su lamba, aka kai ɗakin ajiya. Har ya ce a ransa, ashe da sauran lauyoyin kirki a duniya.

Ƙarfe biyu ta leƙo tagar.

"Baba, ka duba?"

"Me fa?"

"Takarduna. Nan na ajiye, kusa da hatimi."

Ya dubi hatimin, sai ya tuna. Wasiƙun malaman na asali suna ciki, saura awa biyu makarantar ta rufe karɓa. Ya buɗe rajista, ga su a layi na tara da rubutunsa mai kyau.

Mai buga takardu ta leƙo ta bayansa, ta fashe da dariya. "Yallaɓai, ƙarar 'yarka ka shigar? Wa ake tuhuma?"

Cikin minti biyu ya zaro fayil ɗin, don abin da ya ajiye ba ya ɓata. Auta ta miƙo hannu, ya riƙe.

"Takarda in ta shiga, ba ta fita sai da rubutacciyar buƙata."

"Baba! Kai fa ka yi kuskuren."

"Na sani. Ga biro."

A tsaye ta rubuta tana ƙunƙuni. Ya karanta har ƙasa, bai sami abin gyara ba, ya buga hatimi ya sake ta.

Huɗu saura minti goma ta isa makarantar. Matar da ke karɓa ta ga hatimin kotu ɓaro-ɓaro a shafin farko.

"Wannan fa?"

"Babana ne ya duba min."

Matar ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta ce tun safe ba ta ga cikakku irinsu ba.

Bayan mako shida aka ɗauki Auta. Magatakarda bai yi wani dogon jawabi ba. Amma buƙatar nan tana aljihun teburinsa, kuma duk lauyan da ya mayar, sai ya zaro ta ya nuna masa.

"Wadda ta rubuta wannan ko aji ba ta shiga ba tukuna. Koma ka gyara."